Kana Karanta Su, Suna Karanta Ka

Ƙannena, akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyinku, fuskokin ciki suna canjawa amma labarin ɗaya ne. Saurayi zaune gaban kwamfuta, kuɗi sun taru a tsakiyar teburin da ke kan allo, abokin karawarsa ya turo duk abin da ke gabansa. Saurayin ya dafe kai, ya yi jim, can sai ya ce mutumin nan burga yake yi, ba shi da komai. Ya biya. Aka buɗe kati, ashe da gaskiyarsa. Dala dubu kaza ta gangaro wajensa kafin ƙiftawar ido. Wanda ya kalli wannan yakan tashi da tunanin cewa ai wannan ba irin cacar ƙwallo ba ce da ake cike takarda a zauna jiran sa'a. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, shi ma kuma Allah bai hana shi ƙwaƙwalwa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce babu gwaninta a wasan poka ba. Akwai, mai yawa ma. Hukuncin caca kuwa ba ɓoyayye ba ne, aya ta 219 a Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun gama magana, gwaninta kuma ba ta halatta kuɗin caca. Sai dai na lura wanda wasan nan ya shiga ransa ya san ayoyin sarai. Abin da bai sani ba shi ne yadda teburin yake aiki, da kuma matsayin da aka tanadar masa a kai. Don haka ta cikin sana'ar kanta zan bi da ku.

Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas Hold'em. Karta ce mai kati 52. Ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a jera biyar a tsakiya a buɗe, na kowa da kowa: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Kowa zai haɗa biyar mafi ƙarfi daga bakwai ɗin nan. Sau huɗu ake zuba kuɗi a zagaye guda, kuma duk lokacin da magana ta zo kanka, ko ka wuce idan ba a zuba komai ba, ko ka biya abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka jefar da katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. Mutum biyu ne ke zuba kuɗin dole kafin a raba, ƙarami da babba, ana kewayawa. Wanda ake kira marar iyaka shi ne wanda mutum ke da damar tura duk abin da ke gabansa a kowane lokaci. A gasa, kuɗin shiga kaɗai za ka yi asara. A teburin tsabar kuɗi kuwa abin da ke gabanka kuɗinka ne na gaske, idan ya ƙare maɓalli ɗaya za ka danna a sake cika maka daga asusu.

Mafarkin nan yana da asali. A shekarar 2003 wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga wata ƙaramar gasa ta dala 86 a dandalin PokerStars, ta nan ya samu kujera a babbar gasar duniya da ake yi a Las Vegas. Mutum 839 suka shiga, shi ya tashi da dala miliyan 2.5. Da ya rage saura shi da gogaggen ɗan wasa Sam Farha, ya tura duk abin da ke gabansa alhali bai haɗa komai ba. Farha ya daɗe yana nazari, daga ƙarshe ya jefar da katin da ya fi na Moneymaker. Tashar ESPN ta nuna wannan, da ƙananan kyamarori masu haska katin kowa. Zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773. Ku tambayi kanku, kuɗin da gwanayen wancan zamani suka riƙa kwasa a intanet, daga ina suka fito? Daga aljihun waɗanda suka kalli akantan nan suka ce su ma za su iya.

A zaman ido da ido, karatun abokin wasa ya haɗa da fuska da hannu da numfashi. Mike Caro ya rubuta littafi guda a kan haka a 1984, jigonsa kuwa shi ne mai nuna rauni yawanci ƙarfi gare shi, mai cika baki kuma yawanci fanko ne. A intanet babu fuska. Suna ne na bogi, da adadin kuɗi, da agogo mai tafiya. Samari da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin sutura, wai ba wanda zai ga hannunsu yana rawa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Fuska tana iya yaudara, amma abin da ka danna ya rubutu, ba ya gogewa.

Tsohon ɗan kasuwa a Kantin Kwari ba ya jiran ka buɗe baki kafin ya san ko baƙo ne kai. Daga yadda ka tsaya a ƙofar shago da yadda ka taɓa yadi ya gama yanka maka farashi. Haka gwanin poka yake gane sabon shiga kafin a raba kati sau goma. Tebur na dala 200 ne, kai ka zauna da dala 63 da ɗigo 40, wato ragowar abin da ke asusunka ke nan ka kwaso, kuma ba ka kunna abin da ke cika maka kuɗi da kansa ba. Ba ka jira layin kuɗin dole ya zo kanka ba, ka biya nan take don ɗokin a ba ka kati. Kati ya zo, maimakon ka ƙara ko ka jefar, sai ka biya daidai kuɗin dole ka lallaɓa ciki. Gwanin ya bincika sunanka ya ga tebur ɗaya kake kai. Da aka cinye ka sau ɗaya ka rubuta zagi a akwatin hira. Shi ke nan, ya shafa wa sunanka launi, ya rubuta 'yar takarda a gefe, gobe ko baɗi ya gan ka ya san ka. Kifi suke kiran irinka a tsakaninsu. Da zarar ka zauna, layin masu jiran kujera a teburin sai ya yi tsawo, kana tashi kuma tebur ya watse. An ma taɓa yin manhajoji na musamman da aikinsu kawai su hango mai rauni su zaunar da mai su kusa da shi, har sai da manyan dandali suka haramta su.

Sai agogo. Akwai akwatunan da mutum ke dannawa tun kafin magana ta zo kansa. Wanda ya wuce nan take ba tare da ko daƙiƙa ɗaya ba, sau da yawa ya riga ya danna cewa idan an zuba kuɗi a jefar masa da kati, ke nan ba shi da komai. Wanda ya biya da sauri bai tsaya tunanin ƙarawa ba, yawanci katinsa tsaka-tsaki ne ko yana jiran wani kati ya cika masa. Wanda ya ja dogon lokaci sannan ya ƙara da yawa, musamman a kati na ƙarshe, da wuya ya zama burga ce, wasan kwaikwayo yake yi don a ɗauka yana shakka. Girman abin da aka zuba ya fi agogo ma tona asiri. Sabon shiga yakan zuba kaɗan idan yana tsoro, ya zuba da yawa idan yana da ƙarfi, ko ya yi akasin haka kullum ba canji. Ko wanne ne, zama biyu ya isa a gane.

Amma kada ku ɗauka gwani yana zaune yana cewa wane yana riƙe da kati kaza, kamar mai duba. Wannan na fim ne. Hanyoyin da kati biyu za su iya haɗuwa 1,326 ne. Gwani yana farawa da dukansu, kowane motsi naka yana rage masa wasu. Ka ƙara daga kujerar farko a teburin mutum shida, inda mutum biyar ke bayanka, to yawancin tarkacen kati sun fita. An buɗe uku ka zuba, wasu sun sake fita. An ƙara maka ka biya ba ka sake ƙarawa ba, wasu sun tafi. Kafin kati na biyar ya sauka, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, sai ya ƙirga nawa ne a ciki suka fi nasa, nawa ne nasa ya fi, ya auna da kuɗin da ake nema ya biya. Idan akwai dala 100 a tsakiya aka zuba 50, zai biya 50 don ya ci 150, ke nan ya ishe shi ya yi nasara sau ɗaya cikin huɗu. Idan 100 aka zuba a kan 100, sai ya yi nasara sau ɗaya cikin uku kafin ya mayar da kuɗinsa. Lissafi ne tsagwaronsa, ilhama ba ta da kaso mai yawa a ciki.

Bari in nuna muku yadda ake cin babban tuli, wato kuɗin da suka taru a tsakiya, don ba kamar yadda bidiyo ke nunawa ba ne. A ce tebur ne na mutum shida, kuɗin dole dala 1 da dala 2, kowa da 200 a gabansa. Saurayinmu ya ɗaga katinsa ya ga A biyu, wanda babu abin da ya fi shi kafin a buɗe na tsakiya, kuma sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Gabansa ya faɗi don murna. Ya ƙara zuwa dala 6. Gwani yana kujerar da ke magana a ƙarshe, da 7 biyu a hannu. Ya san katin saurayin na iya fin nasa, ya kuma san cewa 7 na uku ba ya fitowa a buɗin farko sai kamar sau ɗaya cikin takwas da rabi. Me ya sa zai biya? Saboda 'yar takardar da ya rubuta makon jiya: yaron nan ba ya iya jefar da babban kati. Dala 6 yake sakawa, idonsa na kan 194 da suka rage.

Aka buɗe J, 7 da 2, kowanne da alamarsa daban. Akwai 15 a tsakiya. Saurayi ya zuba 10. Gwani bai ƙara ba, biya kawai ya yi, don kada ya firgita shi. Kati na huɗu 4 ne. Saurayi ya zuba 25, gwani ya mayar da shi 70. A nan wani abu ya ɗarsu a zuciyar saurayin, amma ya dubi A biyun nan ya ce ina, ya biya. Tuli ya zama 175, kowa saura 114. Kati na biyar 9 ne. Saurayi ya wuce, gwani ya turo duka. Agogo na tafiya. Saurayin ya tuna bidiyon da ya kalla, ya ce burga ce. Ya biya. Aka buɗe 7 uku, dala 403 ta tafi wajen gwani, ban da 'yar la'adar gida.

Zai kwana yana cewa rashin sa'a ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma irin wannan haɗuwa tana zuwa wa kowa daidai wa daida. Wata rana gwanin ne zai riƙe A biyu, saurayin ya samu 7 uku. Bambancin shi ne gwani ya rubuta cewa yaron nan ba ya ƙarawa a kati na huɗu sai yana da abin da ya fi biyu iri ɗaya. Yana ganin 70 ɗin nan zai jefar da A biyunsa, ransa a ɓace amma ya jefar, asararsa 41. Ɗaya ya biya 200, ɗaya ya biya 41, a yanayi iri ɗaya. Ribar sana'ar ke nan gaba ɗaya. Yawancin manyan tuli a ƙananan tebura ba da burga ake cin su ba, ba kuma da kama mai burga ba. Ana cin su ne daga wanda ya kasa haƙura, wanda ya yi imani ya iya karanta mutane. Dala 200 ɗin nan kuma, ku tuna a 2024 dala ta haura naira 1,500, wato ta fi naira 300,000, sama da albashin wata huɗu ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

'Yar takardar hannu ma tsohon yayi ce. Akwai manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager da ke adana kowane zagaye da aka buga, su liƙa alƙaluma a jikin sunan kowa a kan allo: kashi nawa cikin 100 yake shiga wasa, kashi nawa yake ƙarawa, sau nawa yake jefarwa idan an matsa masa. Mai nutsuwa a teburin mutum shida yakan shiga kashi 20 da 'yan kai, kuma yawanci da ƙari yake shiga. Wanda aka ga 50 a jikin sunansa, ƙarinsa bai kai 10 ba, an gama karanta shi. Wasu dandali sun hana waɗannan manhajoji, kamar yadda partypoker ta yi a 2019, amma wanda ya shekara goma yana kallon alƙaluman ya riga ya haddace abin da suke nufi.

Kada ku ce wannan sai a kan masu rauni. A ƙarshen 2009 wani suna, Isildur1, ya bayyana a dandalin Full Tilt Poker ya riƙa karawa da manyan duniya. Ba wanda ya tabbatar ko wane ne sai a Janairun 2011, lokacin da aka bayyana shi a matsayin Viktor Blom, ɗan ƙasar Suwidin, wanda shekarunsa 19 sa'ad da yake wannan ɓarin kuɗi. Ya ci miliyoyi a hannun Tom Dwan cikin 'yan kwanaki. Shi ne kuma ya sha kaye a wani tuli guda na sama da dala miliyan 1.3 a hannun Patrik Antonius ɗan ƙasar Finlan, a nau'in Omaha mai kati huɗu a hannu. A watan Disamba wani ɗalibin jami'a, Brian Hastings, ya cinye masa kusan dala miliyan 4.2 a zama ɗaya. Da aka yi hira da Hastings sai ya yi suɓul da baka, ya yaba wa abokinsa Brian Townsend da ya yi nazarin wasan yaron. Townsend ya amsa cewa ya haɗa zagaye kusan 20,000 da ya buga da shi da wasu 30,000 da ya samo a wani wuri, abin da ya saɓa dokar dandalin. Hukuncinsa dakatarwar wata ɗaya ce daga matsayinsa na ɗan wasan kamfanin. Kuɗin Blom ba su dawo ba. Yaro ne mai baiwar da ba kasafai ake samun irinta ba, amma shi kaɗai yake da ƙwaƙwalwarsa, su kuma suna da tarihin wasansa a jere.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar karanta ka, don katinka yake gani. A 2007, a wata gasa a dandalin Absolute Poker, wani mai suna POTRIPPER ya biya duka da katin da mafi girmansa 10 ne, bai haɗa komai ba, kuma ya ci, saboda na abokin karawarsa Marco Johnson mafi girmansa 9 ne. Babu mai hankalin da zai yi wannan biya. Johnson ya nemi a turo masa tarihin wasan, sai aka turo masa fayil mai ɗauke da katin kowa da bayanan masu kallo. 'Yan wasa suka zauna suka tsefe shi, suka ga wani asusu mai lamba 363 yana bin POTRIPPER tebur zuwa tebur. Allura ta tono garma: daga cikin kamfanin ake leƙen katin mutane. Ba a jima ba irin wannan ta fashe a UltimateBet, inda hukumar Kahnawake ta Kanada da ke ba su lasisi ta ɗora babban laifin a kan Russ Hamilton, zakaran gasar duniya na 1994, aka mayar wa 'yan wasa sama da dala miliyan 22. Ku lura, ba kamfanonin ne suka fara tona kansu ba. Waɗanda aka cuta ne, kuma sun iya ne don suna da alƙaluma da ilmin tsefe su.

Yau abin tsoron ya wuce ɗan Adam. A Janairun 2017, a birnin Pittsburgh, wata manhaja mai suna Libratus da Tuomas Sandholm da Noam Brown na jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera ta kara da gwanaye huɗu, zagaye 120,000 cikin kwana 20, ta lallasa su. A 2019 ƙanwarta Pluribus ta yi haka a teburin mutum shida. Abin da ya fi ɗaure mini kai game da Pluribus shi ne ba ta damu da halin kowa ba, ba ta sauya salo don ta lura wane matsoraci ne ko mai zafin kai. Tana buga abin da lissafi ya ce ne kawai, a cakuɗe yadda ba za a gane ta ba. Masu ita sun ƙi sakin ta ga jama'a don gudun kada ta rusa wasan intanet. Sai dai tun 2015 ake sayar da manhajoji irin su PioSOLVER masu warware kowane yanayi, gwanaye suna bita da su dare da rana, maguɗanta kuma suna kunna irinsu a kwamfuta ta biyu suna kwafar amsa ana cikin wasa. Dandali suna kama wasu su rufe asusunsu. Kai da ke riƙe da waya a ɗaki ba ka da hanyar sanin ko sunan da ke gefenka mutum ne.

To a ce babu maguɗi, kowa mutum ne, kowa kuma gwanintarsa daidai da ta ɗan'uwansa. Har yanzu akwai mai ci kullum. Gida yana cire la'ada daga tuli, yawanci wajen kashi 5 cikin 100 zuwa wata iyaka. A manyan tebura iyakar nan tana sa la'adar ta zama kaɗan. A ƙanana, inda sabon shiga ke farawa, da wuya tuli ya kai iyakar, don haka cikakken kason ake cira. A ce ku shida kun zauna da dala 10 kowanne, ana cire la'ada sau 60 a awa daga tulin dala 1. Dala 3 ke nan a awa. Cikin awa 20 dala 60 ɗin nan duka ta koma gida, ko da ba wanda ya fi wani. Gidan ma ba kullum yake riƙe amana ba. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker. Da aka buɗe littattafan Full Tilt, masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa na bin sa kusan dala miliyan 390, abin da ke banki kuwa kusan miliyan 60 ne. Sai da PokerStars ta saye shi a 2012 aka fara biyan mutane, 'yan Amurka kuma ba su fara ganin nasu ba sai 2014. Waɗannan manyan kamfanoni ne da duniya ta sani. Ina ga wani dandalin da aka turo maka mahaɗinsa a Telegram, wanda wani wakili ke karɓar kuɗinka ta asusun kansa? Mu nan ga kuma namu ƙarin: sabis ya ɗauke ana tsakiyar zagaye, agogo ya ƙare, a jefar maka da kati da kuɗinka a ciki, ba wanda za ka kai wa ƙara.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan lissafin, don shi ne yake hana mutum gane kansa. 'Yan wasa suna auna riba da babban kuɗin dole, wato guda nawa kake ci a kowane zagaye 100. Mai cin 5 ana kiransa gwani. Amma hawa da saukar sa'a a zagaye 100 ɗin nan yakan kai 80 zuwa 100, sama ko ƙasa. Idan aka ɗauki 90 aka buga lissafi, gwanin nan bayan zagaye 10,000 yana iya samun kansa cikin asara kusan sau uku cikin goma. Sai ya kai 100,000 kafin wannan ya sauko zuwa wajen huɗu cikin ɗari. Yanzu ku juya lissafin. Wanda a haƙiƙa asarar 5 yake yi, shi ma sau uku cikin goma zai ga riba bayan zagaye 10,000. Mai buga awa biyu kowane dare a tebur ɗaya zai haura wata biyu kafin ya kai wannan adadi. Wata biyu yana ci, yana nuna wa abokai hoton asusu, ya canja waya, ya tabbatar wa kansa yana da baiwa, alhali tun ranar farko a ƙasa yake. Ko A biyu da K biyu aka tura duka kafin buɗi, mai K yana ci kusan sau 18 cikin 100. Wasan yana biyan mai kuskure sau da yawa yadda zai ci gaba da dawowa. Da ba ya yin haka, da tuni tebura sun bushe.

Idan sa'ar ta juya kuma sai zuciya ta karɓi wasan. Mutum ya fara shiga da katin da jiya zai jefar, ya hau teburin da ya fi ƙarfinsa don ya rama a zagaye ɗaya, ya ce ba zai kwanta ba sai ya mayar da uwar kuɗi. Wannan ne yanayin da ya fi sauƙin karantawa, kuma shi gwanaye ke jira, shi ya sa ba sa tashi daga tebur muddin mai ramuwa yana zaune. Su kansu ba su tsira ba. Gus Hansen ɗan ƙasar Denmak, wanda ya ci manyan gasanni a talabijin, ya yi asarar sama da dala miliyan 20 a teburan Full Tilt. Stu Ungar, wanda da yawa ke ganin ba a yi mai karanta abokin wasa kamarsa ba, ya ci gasar duniya a 1980 da 1981 da 1997. Dala miliyan 1 ya karɓa a ta ƙarshe. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, caca da ƙwaya sun cinye komai.

Na san a cikinku akwai wanda ba kuɗin ne suka fara jan sa ba, lissafin ne, da daɗin auna abin da ba a gani. Wannan sha'awa ce mai kyau, kuma tana da gida. Ilmin yiwuwa da ƙididdiga da rubuta manhaja duk ana koyar da su, a jami'o'inmu da kuma kyauta a intanet. Noam Brown da ya ƙera na'urar da ta kayar da gwanaye bai zauna yana cin kuɗin kowa da ita ba, aiki ya samu a Facebook, daga baya OpenAI.

Wanda kuma ya riga ya shiga, ƙanena, ba zan ce ka yarda da ni ba. Hisba ta garƙame shagunan caca a Kano a 2024, amma teburin da ke cikin wayarka ba shi da ƙofar da wani zai sa wa kwaɗo, sai kai. Ka yi wa kanka abin da gwanaye suke yi maka. Gwanaye ba sa yarda da abin da suka tuna, don sun san zuciya tana riƙe daren ci ta manta da darare biyar na asara. Ka nemi bayanin asusunka na banki na wata shida, ka ja layi biyu a takarda, abin da ya fita zuwa dandalin da abin da ya dawo, har da kuɗin data da na canjin dala. Kada ka ƙirga abin da ke cikin dandalin, ba naka ba ne sai ya shigo hannunka. Sannan ka duba ƙarfe nawa ka fi tura kuɗi, da kuma sau nawa ka tura sau biyu ko uku a dare ɗaya. Dandalin da ke da lasisi yana da wurin da mutum zai rufe asusunsa da kansa yadda ba zai iya buɗewa ba na tsawon watanni ko har abada. Ka danna shi da rana, lokacin da kanka yake daidai, kada ka bari sai dare. Ka faɗa wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, yayanka ko kawunka ko malaminka, da adadin na gaskiya, ba rabinsa ba. Idan kuma akwai kuɗin wani a ciki, na shago ko na adashi ko kuɗin makarantar da aka ba ka ka biya, ka je ka same shi da bakinka kafin ya ji a wani wuri, ku yanka yadda za ka riƙa biya, ko da dubu biyar-biyar ne a wata.